Wuƙar aljihu mai rasor: yadda zaka haɗa ta farko a gida

Wuƙa miƙaƙƙiya kam ba abin mamaki bace a Damagaram, duk maƙerin da ka tarar zaune gaban zugazuginshi zai buga maka ita kafin a sauke shayi na uku, ya sa mata mariƙi, baduku ya ɗinka kube, shikenan an gama. Amma wadda ake naɗewa a jefa aljihu, wadda in ka buɗe zaka ji ta ce ƙas ta tsaya cak, in ka turo ta kuma ta ƙarasa rufewa da kanta, wannan aiki ne daban, kuma wahalarshi ba a wuta take ba, a magagari take da awo. Ita nake so in yi ma bayani, kai da kake da ɗan wurin aiki a gida ko a zaure ne ko ƙarƙashin rumfa, kana da tebur mai ƙarfi da eto na matse ƙarfe da zarton ƙarfe da magagari biyu uku da samfefa, ba sai kana da manyan injina ba.

Ita wannan wuƙar babu makulli a jikinta. Wani siririn ƙarfe ne kwance a gadon bayan mariƙin, shine rasor, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke ce ma sifirin, shi ke danne gindin ruwan wuƙar ya riƙe ta a buɗe ya riƙe ta a rufe. Jar wuƙar nan ta kamfanin Victorinox haka take aiki, haka ma Douk-Douk da gidan Cognet ke yi a garin Thiers na Faransa tun 1929, wadda ta bazu a Aljeriya da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. Wuƙar aljihun nan ta Opinel kuwa ba irinta bace, ita babu rasor sam, zobe ne ake murzawa. Rashin makullin nan ne yasa a Ingila doka ta bar mutum ya yi yawo da mai rasor ɗin muddin kaifin bai wuce inci 3 ba, wajen santimeta 7 da rabi kenan. In kana da tsohuwa a gida ɗauko ta kafin ka ci gaba da karatu, ka buɗe a hankali idonka na kan bayanta, zaka ga rasor ɗin ya ɗago sama ya koma ya kwanta. Wannan tashi da kwanciyar ita ce aikin gaba ɗaya, sauran duk ado ne.

Ka fara da takarda da kwali, kar ka taɓa ƙarfe tukun. Ka zana wuƙar daidai girmanta, mariƙi santimeta 10, ruwan wuƙa wajen 7, baki guda, baya miƙe, ba lanƙwasa ba ƙawa, ta farko ba wurin nuna gwaninta bane. Yanke ruwan daban, rasor daban, bangon mariƙi, wato siraran fallaye biyu da ke riƙe wuƙa da rasor a tsakaninsu, shi ma daban, ka soka ƙusa inda wuƙar zata juya ka riƙa juyawa. Abu biyu kake dubawa, in an rufe tsinin ya shige cikin mariƙi kar ya leƙo ya yaga maka aljihun jallabiya, kuma kaifin kar ya sauka kan rasor. In kwalin bai rufu daidai ba ƙarfe ma ba zai rufu ba, gara ka ɓata kwali goma.

To yanzu gindin wuƙar, nan zan daɗe dan nan ne ake faɗuwa. Gindin nan ɗan murabba'i ne mai huji a tsakiya, kuma fuska uku gare shi da rasor ke kwanciya a kai: ta sama wadda yake dannewa in wuƙa tana buɗe, ta ƙarshe wadda yake dannewa in ta tsaya rabi, sai ta ƙasa ta ɓangaren kaifi in tana rufe. Daga tsakiyar hujin zuwa kowace fuska dole nisan ya zama ɗaya. In ka ce milimeta 5, to 5 sama 5 baya 5 ƙasa, ba 5 da ɗan wani abu ba. In ɗaya ta fi tsawo zaka ga rasor ya ɗago ya fi mariƙi tudu a wannan matsayin, in ta gaza sai ya nutse ciki kuma riƙonshi ya yi sanyi a wurin. Masu sanin wuƙa abin da suke fara yi kenan in ka miƙa musu, su shafa yatsa a bayanta tana buɗe, su shafa tana rabi, su shafa tana rufe, in yatsa bai ji tudu ba sannan su ɗago su dube ka.

Sannan akwai kusurwoyi biyu tsakanin fuskokin nan. Kaga in fuska tana nisan 5 daga huji, kusurwa tana nisan wajen 7, wato duk sanda zaka buɗe sai kusurwar ta ɗaga rasor milimeta 2 kafin ta wuce ya faɗo, faɗowar nan ita ce ƙarar da kake ji. In ka bar kusurwar da kaifinta wuƙa zata yi tauri ta karya farce kuma ta riƙa cin rasor, in ka goge ta da yawa ta zama da'ira wuƙa zata yi laƙwas ba ƙara ba riƙo. Ɗan dunƙule ta kawai zaka yi, kaɗan kaɗan kana gwadawa. Wasu abubuwa biyu kuma a gindin: kafaɗa a sama, inda bakin rasor ke tokarewa ya hana wuƙa wuce iyaka in an buɗe, da dunduniya a ƙasa, ɗan tudun nan kafin kaifi ya fara, wanda ke sauka kan rasor in an rufe dan kaifi ya tsaya a iska. Duka biyun ka bar musu nama ya yi yawa a wajen yanka, daga baya ne za a rage.

Maganar ƙarfe. Kana son ƙarfe mai shan ruwa, wato mai yin tauri in an gasa shi an tsoma a mai, kaurin milimeta 2 da rabi, kuma ruwan wuƙa da rasor su fito daga falle ɗaya dan kaurinsu ya zo daidai. Wanda ke da hanyar yin oda sai ya nemi ƙarfe mai lamba 1084 ko O1, amma mu nan abin da hannu ya kai shi ake yi, ka zagaya wajen masu tsofaffin ƙarafa a kasuwar Dole ko ka leƙa garaji. Ni a ganina tsohuwar adda ta fi komai sauƙi ma mai farawa, kaurinta ya yi kusa da abin da ake so kuma ƙarfenta na yin rasor mai kyau, sai dai ka duba dan wasu suna sirancewa wajen tsini, ka yanka daga inda kauri yake ɗaya. Tsohon magagari yana ba da kaifi fiye da adda amma rage kaurinshi aiki ne. Rasor ɗin mota ƙarfe ne na kirki sai dai ya yi kauri sosai, sai in maƙeri zai buge maka shi ya baje. Rodin gini ka bar shi, inoks ma, ƙarfen nan da baya tsatsa, ka bar shi dan yana son zafi sama da digiri 1000 a tsare, gawayi ba zai ba ka wannan ba, kuma duk ƙarfen da aka shafe da sanholo mai walƙiyar nan kar ka sa shi a wuta, hayaƙinshi na kwantar da mutum. Duk wanda ka samo gwada shi tukun: yanki ɗan guntu, gasa ya yi ja, tsoma a mai, goga magagari. In magagari ya zame bai ci ba, kuma ka matse a eto ka buga ya karye maimakon ya lanƙwashe, ƙarfen ya yi.

Adda da magagari da taurinsu suke zuwa, sai an kashe taurin kafin su yanku ko su hudu. Gasa su yi ja sosai ka binne cikin toka mai zafi ka bar su su kwana, da safe zarto zai ci. Daga nan sai bajewa. Samo gilashi mai kauri ko karon ɗaki mai santsi, shimfiɗa samfefa mai lamba 120 a kai, ka riƙa goga ƙarfen kana juya shi har fuska biyu su kwanta lif babu inda haske ke ratsawa in ka ɗora ma'auni. Aikin gundura ne wallahi, sa rediyo ka zauna, amma ƙarfen da bai baje ba zai sa wuƙa ta riƙa goga bango guda kuma babu gyara bayan an haɗa.

Huji kafin yanka, kullum. Manna zanenka a kan ƙarfe, buga alama da ƙusa mai tauri, huji ɗaya a gindin wuƙa, biyu a rasor, na tsakiya da na ƙarshe. Milimeta 3 ya fi sauƙin samu, meshinshi, wato bakin injin huda, da ƙusarshi duk akwai, ka fara da meshi 2 da rabi sannan ka bi da 3 dan hujin ya fito cif. Nan fa in ba ka da injin huda na tsaye kar ka yi ƙarfin hali da na hannu, ɗauki kayanka ka je wajen mai walda ko mai gyaran inji da ke da shi ka biya ɗan abin da ya ce, dan huji in ya karkace ko kaɗan wuƙa zata rufe a karkace har abada. Kuma a daure ƙarfen da kyau kafin a huda, in meshi ya kama shi ya fara juyawa da shi yatsu yake nema. Bangon mariƙi guda biyu, fallen tagulla na milimeta 1 ko tol, wato fallen ƙarfe, mai kyau in babu, manna su da sufa gulu su zama ɗaya ka huda su tare, hujin gindi da na tsakiya kawai. Na ƙarshen ka bar shi, akwai dalili, zan zo kanshi. Bayan huji sai ka yanka da zarto a wajen layi ka ƙarasa da magagari. Rasor ka yanka biyu tun yanzu, in ɗaya ya karye wajen gwaji ba sai ka sake hura wuta ba.

Masu wannan sana'a a waje suna da wani agogon awo da ke nuna tashin rasor, kai katako mai santsi ya ishe ka. Ɗora bango guda a kai, soka gindin meshi ko ƙusa a hujin biyu su tsaya, zura wuƙa a ɗaya rasor a ɗaya, danna rasor da yatsa ya kwanta kan fuskar sama, ja layi da allura a jikin bango bin bayan rasor. Juya wuƙa rabi ka duba, rufe ka duba. Inda rasor ya haura layi wannan fuskar ce za a rage, shafa mata baƙin alƙalamin maka ka goga magagari mai laushi sau biyu uku ka mayar ka sake dubawa, kuma magagarin ya tafi a miƙe kar fuskar ta karkata gefe. Sai kafaɗa: in bakin rasor ya yi tsawo wuƙa ba zata buɗe duka ba zaka ga tsininta ya sunkuya, kana rage bakin rasor tana ɗagowa har bayanta ya yi layi ɗaya da mariƙi, nan ka tsaya. Dunduniya ma haka, kana ragewa tsini na shigewa cikin mariƙi, amma ka tuna dunduniya tana kusa da huji shi kuma tsini yana can nesa, ɗan abin da ka cire a nan zai ninka sau bakwai ko takwas a can. Shafa ɗaya, duba. A wannan matakin ma kar ka kai ƙarshe, ka bar ɗan saura har sai an ba ƙarfe ruwa.

Fitar da baki kuma ai kowa ya taɓa gani. Kwantar da wuƙa kan gilashi, ja meshi mai kaurin ƙarfen a jikin bakin, juya ka sake ja, layin tsakiya ya fito. Daure ta a katako ka goge kowane gefe daga baya zuwa baki, amma ka bar kaurin rabin milimeta ko fiye a bakin, in ka kai shi kaifi yanzu zai murɗe ko ya tsage a mai. Gindin kar magagari ya taɓa gefunanshi, matsa ɗan ƙarfe a wurin ya zama iyaka. Gurbin farce ma yanzu ake yinshi tun ƙarfe na da laushi, da ƙaramin faifan yanka ko gefen magagari mai rabin da'ira, ka sa shi can gaba wajen tsini inda farce zai samu ƙarfin ja, kuma ka tabbata in an rufe yana sama da bakin mariƙi. Rasor shi ma ka rage cikinshi tsakanin hujin tsakiya da baki ya dawo wajen milimeta 3 zuwa 4, a lanƙwashe sumul ba tare da wani lungu mai kaifi ba, goga kuma ta bi tsawonshi, dan duk zanen da ya gitta shi nan zai karye wata rana.

Ban ruwa ka bari sai rana ta faɗi ko ka shiga inuwa sosai, hasken ranar garin nan ba zai bar ka ka ga kalar ƙarfe ba, zaka ɗauka bai yi ja ba alhali ya wuce. Gawayin ƙirya in ka samu, shi maƙera ke so dan yana daɗewa yana ba da zafi. Ajiye mayen ƙarfe kusa, na tsohuwar lasifika ya isa. Ƙarfe yana daina kama maye a wajen digiri 770, kai kana son ka ɗan wuce nan kaɗan, 800 zuwa 820. Da farko kai shi wannan zafin ka fitar ya huce a iska, sau biyu ko uku, wannan na kwantar da ƙwayar ƙarfen ya rage murɗewa. Sannan na gaske: gindi ya fara shiga wuta dan ya fi kauri, tsini daga baya dan saurin ƙonewa gare shi, kala ta zama ɗaya tun daga gindi har tsini, maye ya saki, ƙara ɗan lokaci kaɗan, sai cikin mai tsini a gaba, kana motsawa sama da ƙasa ba gefe da gefe ba. Man gyaɗa ne mai, a gwangwanin ƙarfe mai marfi, ka ɗumama shi tukun da wani jan ƙarfen ya kai yadda yatsa zai ji zafi amma ya jure, wajen digiri 50. Ruwa zalla na tsaga siririn ƙarfe irin wannan, baƙin man mota kuma hayaƙinshi ba alheri. In mai ya kama wuta rufe marfin kawai, kar a zuba ruwa, yara kuma a kore su tun kafin a fara.

Yanzu duka biyun sun yi tauri har in suka faɗi ƙasa zasu iya karyewa, dole a sassauta su a daren nan ba gobe ba, kuma ba sassauci ɗaya suke so ba. Wuƙa digiri 200 take so, awa ɗaya, ta huce, a sake awa ɗaya, in akwai fur na gaz mai awo a gidan sai ka lallaɓa uwargida. In babu, goge ƙarfen ya yi fari tas, zuba rairayi a tsohon faranti ka ɗora kan garwashi mai sanyi, kwantar da wuƙa a kai ka tsare ta da ido, da ta yi kalar busasshen kara ka ɗauke. Rasor kuwa sai ya wuce nan nesa, zai yi kalar kara, ya yi ja-ja, ya yi shuɗi a wajen digiri 300, kai ka bar shi ya wuce shuɗin ya fara komawa toka-toka. Tsohuwar dabara ita ce a shafe shi da mai a riƙe saman wuta har man ya kama ya cinye, a maimaita sau biyu uku. Gindin wuƙar ma ana so a sassauta shi ya yi shuɗi dan kar taurinshi ya riƙa cin rasor, naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma ko ka tsoma shi a ruwa gindin kaɗai a waje ka gasa shi. Bayan nan koma kan gilashi ka goge baƙin, wuƙa da rasor tare dan kauri ya tafi daidai.

Ga dalilin barin hujin ƙarshe. In ka huda shi rasor na kwance kan gindi haka kawai, babu abin da ke danne wuƙar, zata riƙa lilo kamar ƙyauren da ba sakata. Ana so rasor ya kasance a matse tun kafin a taɓa wuƙa. Sai ka haɗa a kan bango wuƙa a buɗe, ja layi a bayan rasor, cire wuƙar, juya rasor a kan ƙusar tsakiya bakinshi ya sauko ciki milimeta 1 ko 1 da rabi daga layin, matse shi a haka, ka bi ta hujin rasor ka huda bango biyun. Wajen haɗawa zaka ga huji na ƙarshe ya ƙi haɗuwa, daidai kenan, fiƙe bakin wata ƙusa ya yi tsini, matse bayan rasor a eto da ɗan katako, tura ƙusar ta ja hujin su haɗu. Yanzu gwada, wuƙa naɗe da salatif dan ko ba kaifi tsini na huda. In rasor ya lanƙwashe bai dawo ba ya yi laushi, a sake ba shi ruwa. In ya karye ɗauko na biyun ka ƙara sassauta shi. In ya yi ƙarfi har farce na ciwo rage cikinshi kaɗan da samfefa, kar ka sa shi a injin wasa ya yi zafi. A nan ne kuma zaka ƙarasa fuskoki uku da kafaɗa da dunduniya, dan awo na gaskiya sai rasor na matse yake fitowa. Zaka haɗa ka warware har ka gaji, haka aikin yake. In komai ya zauna goge kusurwoyin gindi da inda suke taɓa rasor da samfefa 600 zuwa 1000 su yi sheƙi.

Mariƙi ka nemi busasshen itace mai tauri, ƙirya ko kanya ko aduwa, wanda ya daɗe a ajiye, dan ɗanye in hunturu ya busa zai tsuke ya bar tagulla a waje ko ya tsage a bakin ƙusa. Ƙahon sa yana da kyau amma yana son murɗewa, ƙashin raƙumi kuma sai an dafa an cire maiƙo an shanya a inuwa, ga wari wajen goga, ni dai na ce ka bar su sai ta biyu. Ɗumama bangon su rabu da juna, kankare gulun, yanka itace fallaye biyu kaurin milimeta 4, baje su, kankare fuskar tagulla ta yi kaushi, manna da gulun aradait mai jinkirin kamawa ka matse ya kwana. Huji ta ɓangaren tagulla zaka bi ka fito ta itace, da wani katako a ƙasa dan kar ya fashe. Wajen ƙusar gindi ka nutsa ɗan zoben tagulla a cikin itacen kowane gefe, dan nan ne duk ƙarfin yake, in ka buga kan ƙusa a kan itace zalla zai tsage ko ya saki daga baya. Zagaye mariƙin ka kusa gamawa tun kafin haɗawa, ka wanke komai tas.

Ƙusoshi, sandar tagulla ta masu waldar gaz mai milimeta 3 tana yi, ta gindi kuma in ka samu ƙarfe ya fi daɗewa. Ɗan buɗe bakin kowane huji ta waje kaɗan yadda kan ƙusa zai samu wurin bajewa, yanke ƙusa ta leƙo milimeta 1 kowane gefe. Kafin ka buga ta gindi, karya reza ka yi mata ɗan gurbi ka zura tsakanin gindin wuƙa da bango, kaurinta wajen kashi ɗaya cikin goma na milimeta ne, shi zai bar ma wuƙa wurin numfashi. Ƙaramar guduma, ƙusa a kan maƙera ko wani dunƙulen ƙarfe, bugu ƙanana masu yawa a gefen kan ƙusar kana zagayawa, juya ɗaya gefen, tsaya ka motsa wuƙa, ci gaba. Bugu ɗaya mai nauyi zai lanƙwasa ƙusa a ciki wuƙa ta ƙame, daga nan sai dai a huda a cire a sake. Da ka ji babu girgiza gefe da gefe ka tsaya, zare rezar. Ta tsakiya da ta ƙarshe a hankali su ma, musamman ta ƙarshe da ke kusa da bakin itace. Sai ka goge kawunan su yi daidai da mariƙi, ka buɗe wuƙa ka goge bayan gaba ɗaya, bango da rasor da itace su zama fuska ɗaya.

Garin goga duk ya shiga gaɓar, zaka ji tana ƙaras ƙaras, wanke da kananzir kana buɗewa kana rufewa har baƙin ya daina fita, sannan ɗigon man keken ɗinki. Wasa shine na ƙarshe, a dutse, a kusurwar wajen digiri 20 kowane gefe, ka ƙarasa a guntun fata, wannan kam kowane baduku zai ba ka. Ƙarfen nan ba inoks bane, mangwaro ɗaya ko albasa zai sa ya yi duhu, ba lalacewa bace, shafe shi dai ya bushe kafin ka rufe, da damina ka ɗan shafa mai. Kuma tunda ba makulli, kar a soki abu da ita ko a ɓamɓare murfin gwangwani, kan yatsu zata rufe, ragon layya ma a bar ma miƙaƙƙiya, ita tata fiƙe alƙalami da yanka igiya da rake da fasa goro. Kwanakin farko zata ɗan yi tauri kafin gindi da rasor su saba da juna, in daga baya ta fara girgiza gefe mayar da rezar ka ba ƙusar gindi bugu biyu uku marasa nauyi. Ƙurar hunturu da rairayin aljihu kuma suna taruwa a cikin mariƙi daidai inda dunduniya ke sauka, in ka ga tsini ya fara leƙowa kar ka yi saurin ɗaukar magagari, sa tsinken ashana ka share wurin tukun.